Lafiyar Karen Kiwo da Karnukan Sake a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

   

Batun da zan yi magana a kai ba kasafai ake kawo shi gaban manya ba, domin a al'adarmu ana jin nauyin ambaton kare a taron mutunci. Amma duk wanda ya san Kura da Bunkure da Garun Malam ya san akwai mutanen da kare ya zame musu dukiya. Akwai mafaraucin da ya shekara da shekaru yana tace irin karnukansa, ya san uwar kowane da ubansa, ba ya kuma yarda a haɗa karyarsa da kowane irin namiji. Akwai manomin da kare ke kwana kusa da injinsa na ban-ruwa da kwandunan tumatirinsa. Akwai makiyayin da kare ke zagaye garkensa da dare. A 'yan shekarun nan kuma an sami matasa masu sayo karnukan Turawa daga birnin Kano ko Jos, suna kiwata su domin sayar da 'yan kwikwiyo. Dukkansu abin da suke nema guda ne: karya mai lafiya ta haifi 'ya'ya masu lafiya su rayu. Abin da nake so in tabbatar a wannan zama shi ne, babu mai samun wannan buri shi kaɗai a cikin gidansa. Lafiyar karen kiwo a ɗaure take da lafiyar karen da ke yawo a bakin kanal da kan juji, kuma hanyar tsira ita ce a haɗa tsaron cikin gida da rigakafin gari gaba ɗaya.

Mu fara da ƙasar kanta. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, ta canza rayuwar wannan yanki. Ruwanta ne ke bin babban kanal ya rarrabu cikin gonakin da aka tsara su kai kimanin hekta 22,000 a kashin farko na shirin noman rani na Kogin Kano, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Albarkar wannan ruwa kowa ya gan ta a shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, ruwan da ya raya gona ya raya karen sake. A ƙauyen da ya dogara da damina, rani kan rage yawan karnukan da ba a kula da su, saboda ƙishirwa da yunwa. A nan kuwa ruwa yana nan watanni masu yawa, ɓeraye da gafiyoyi sun cika gefen gonakin shinkafa, kasuwanni irin ta Kwanar Gafan suna tara masu sayar da abinci da sharar da suke zubarwa, kwata tana jefar da kayan ciki, mushen kaza da na akuya kuma a kan wurga shi bakin magudana. Ga kuma zirga-zirga: 'yan ci-rani suna shigowa, manyan motoci suna tsayawa a kan hanyar Kano zuwa Zariya, makiyaya suna sauka bayan girbi da karnukansu, mafarauta suna cika mota da karnuka su tafi dawa su dawo. Inda abinci ya wadata kuma baƙi ba sa yankewa, cuta ba ta rasa wanda za ta kama.

Sai mu tambayi kanmu, wane ne ma wannan karen saken? Da yawa daga cikinmu sun ɗauka wata halitta ce daban, marar gida marar ubangida. Binciken da aka yi a Injamena, babban birnin Chadi, ya nuna karnukan da ba su da mai su kwata-kwata ba su wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba, sauran duk akwai gidan da suke komawa. Wanda ya lura da garuruwanmu zai ga alamar haka. Karen da ke tonon juji da hantsi shi ne mai haushi a ƙofar gidan wani da tsakar dare. An ba shi ƙanzo da safe, an sake shi ya nemi sauran da kansa. Karen farauta ma, wanda ake ji da shi, idan ba lokacin fita dawa ba ne sau da yawa a sake yake. Ke nan iyakar da muke zato tana tsakanin karen kiwo da karen juji ba ta da kauri ko kaɗan. Wannan gaskiya tana da ɗaci, domin ta nuna da hannunmu a cikin matsalar, amma kuma a cikinta mafita take, domin karen da yake da mai shi ana iya kama shi a yi masa allura.

Babbar ƙofar da cuta ke shigowa gidan mai kiwo ita ce lokacin barbara. Karya kan shiga wannan hali kusan sau biyu a shekara, ta ɗauki kamar mako uku a ciki, kuma warinta yana jawo maza daga unguwanni masu nisa. Za ka ga sun kewaye gida suna faɗa, suna haƙa ƙarƙashin danga, ita ma tana neman hanyar fita. Dare ɗaya ya isa. Cuta ta farko da ake ɗauka ta wannan hanya wani irin ciwon daji ne na al'aura. Yana fitowa a matsayin tsiro ja mai gurza-gurza, da an ɗan taɓa shi sai jini. Mai karya zai ga ɗigon jini a inda ta kwanta wata ɗaya ko biyu bayan lokacinta ya wuce, ya zaci ba ta gama ba ne, alhali tsiron ne ke girma a ciki. A jikin namiji kuwa yana ɓuya a gindin gabansa, ba a ganin komai sai jinin da ke ɗiga. Abin mamaki game da wannan ciwo shi ne, ƙwayoyin tsiron da kansu ne ke tashi daga jikin wannan kare su dasu a jikin wancan. Wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Nobinski, ya nuna a 1876 cewa ana iya ɗaukar tsiron daga wani kare zuwa wani, kuma masu bincike a Jami'ar Kambirij sun gano asalinsa daga kare ɗaya ne da ya rayu dubban shekaru da suka wuce. Sun kuma nuna ciwon ya ɓace daga Ingila a ƙarni na 20, bayan da aka hana karnuka yawo sakaka. Yana da magani, allurar binkiristin da likita ke yi ta jijiya mako-mako har sau huɗu zuwa shida, amma tana da tsada, kuma kafin a ankara karen ya riga ya shafa wa wasu.

Cuta ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Makiyaya sun san bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari. Kare yana da irin tasa, wadda wani likita mai suna Kamaikel ya gano a Amurka a 1966. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka. Idan ta kamu, sai ciki ya yi nisa, tsakanin kwana 45 zuwa 55, sannan ta zubar da matattun 'ya'ya, ko kuma a yi ta haɗa ta ba ta ɗauka. Namijin da ya kamu marainansa kan kumbura, daga baya su tsotse, ya daina ba da ciki, amma ya ci gaba da baza cutar ta maniyyi da fitsari. Ruwan da ke fita daga karya bayan ɓari cike yake da ƙwayar cutar har tsawon makonni, kuma duk karen da ya lasa yana iya ɗauka. Mutumin da ya kwashe ɓarin da hannu tsirara shi ma yana iya kamuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Wannan cuta tana da wuyar warkewa ƙwarai, ko an ba da magani takan laɓe ta sake tasowa. Ku duba yadda asara ke tafiya: karya ta fita dare ɗaya, ta dawo, bayan wata shida an haɗa ta da zaɓaɓɓen namijin da mafarauta ke kawo wa karnukansu daga ƙauyuka daban-daban. Ta haka irin da aka yi shekaru ana tacewa yake lalacewa, ba tare da an ga kare ko ɗaya ya kwanta ciwo ba.

Wani zai ce shi karyarsa ba ta taɓa fita ba. Madalla, amma akwai cututtukan da ba sa jiran a haɗu. Cutar fabo, wadda ta bayyana a duniya a 1978, ita ce babbar mai kashe 'yan kwikwiyo. Ɗan da jiya yake wasa yau ya ƙi nono, ya fara amai, sannan zawo mai jini mai tsananin wari, cikin kwana biyu ko uku ya bushe ya mutu, 'yan'uwansa su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayarta tana fita cikin kashin kare, tana kuma iya zama da rai a ƙasa watanni, har shekara a wuri mai laima da inuwa, irin wanda ya yi yawa a yankin ban-ruwa. Takalmin da ya taka bakin kanal, tayar babur, hannun mai sayen kwikwiyo da ya fito daga wani gida, duk suna iya shigo da ita. Yawancin magungunan wanke daɓe ba sa kashe ta, sai bilic. Akwai kuma cutar distamfa, 'yar'uwar ƙyanda ta mutane da bushiya ta shanu, wadda ke bin numfashi. Tana farawa da kwantsa da majina da tari, ta ƙare da karkarwa da farfaɗiya, wanda ya tsira kuma sau da yawa ba ya sake zama karen aiki. A 1994 wannan cuta ta kashe zakuna kimanin 1,000 a dajin Serengeti na Tanzaniya, kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin, kuma masana sun danganta tushenta da karnukan ƙauyukan da ke kewaye. Cutar da ta kai ga zaki a dawa, katangar gida ba za ta gagare ta ba.

Ruwan kansa yana da nasa rabon. Akwai cutar da ke fita ta fitsarin ɓera da na kare, ta zauna cikin ruwa mai kwanciya da taɓo. Karen da ya sha ko ya yi iyo a ciki yana iya kamuwa, ƙoda da hanta su lalace, idanu da dasashi su yi ɗorawa kamar mai shawara, mai ciki kuma ta yi ɓari. Manomin shinkafa da ke tsaye cikin wannan ruwa da rauni a ƙafa yana cikin haɗari iri ɗaya. Sai kaska, wadda ke faɗowa daga jikin karen sake ta ɓuya a tsagar bango ta hau na gida, ta sa masa cutar da ke fasa jini, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja. Sai ƙazuwa da ƙuma. Sai tsutsar ciki, wadda wata irinta ke ratsawa daga uwa zuwa 'ya'ya tun suna ciki, wata kuma ta nono, shi ya sa ake ganin kwikwiyo da ƙaton ciki da siraran ƙafafu. Mahauta sun san ƙullutun ruwa da ake samu a hanta da huhun tumaki da shanu da raƙuma. Idan aka yanke wannan wuri aka jefa wa kare, tsutsar takan girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita da kashi ya sauka kan ciyawa da ganyen lambu, ya koma cikin dabba, wani lokaci cikin mutum. A yankin da ake noman latas da kabeji da karas, wannan magana ta wuce ta masu kare kaɗai.

Uwa-uba cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, a jikin mutum ko dabba, sai dai a yi addu'a. Faɗan da maza ke yi a kan karya, da cakuɗuwar karnuka a wurin farauta, da haɗuwa da dila a dawa, duk hanyoyi ne da take bi. Jama'a sun san mahaukacin kare mai gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Wanda ba a sani ba shi ne mai shiru: kare ya lafe a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana dalala, ba ya iya haɗiya. Mai shi, saboda ƙauna, sai ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya tura hannu cikin bakin yana lalube. Kare kuma yana iya fara fitar da ƙwayar cutar a yawunsa 'yan kwanaki kafin a ga wani canji a halinsa. Likitocin dabbobi a ƙasar nan sun sha samun alamar cutar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a kasuwanni alhali ga ido lafiyarsu ƙalau. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Karen kuma a killace shi kwana 10 a sa masa ido, kada a kashe shi a jefar.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Na farko su ne masu cewa kare ba abin da Musulmi zai ɓata lokaci a kansa ba ne. Malamai na nan, sun fi ni sani, amma abin da yake sananne shi ne shari'a ta halatta riƙe kare domin farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, kuma a mazhabar Imamu Malik da muke bi jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Hadisi ingantacce ya ba da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin da aka halatta maka riƙewa, an ɗora maka haƙƙinsa: ci da sha da magani, da kuma hana shi cutar da maƙwabci. Wanda kuma ba ya son kare ko kaɗan, ɗansa yana bin hanyar makarantar allo da karnukan nan suke bi. Kiyaye ran wannan yaro yana cikin manyan manufofin addini.

Na biyu su ne masu cewa karenmu na gida jarumi ne, kakanninmu ba su san allura ba kuma karnukansu sun yi farauta. Gaskiya ne karen gida ya fi na Turawa jure zafi da kaska da ƙarancin abinci, wannan ma dalili ne na a daraja irinsa a kiyaye shi. Amma jarumtar da muke gani ta waɗanda suka tsira ce. Ba ma lissafa 'yan kwikwiyon da aka haifa bakwai aka wayi gari saura biyu. Cutar fabo kuma ba ta kai shekara 50 da bayyana ba, kakanninmu ba su yi zamani da ita ba, kamar yadda ba su yi zamani da cunkoson karnukan da ruwan Tiga ya tara ba. Hauka kuwa ba ta san kare na gida ko na waje ba. Haka nan masu dogaro da maganin gargajiya bayan cizo, suna cewa an yi wa wane kuma ya warke. Dalilin shi ne ba kowane kare mai cizo ne mahaukaci ba, kuma ba kowane cizon mahaukaci ne ke kai cutar cikin jiki ba. Wanda dama ba zai kamu ba shi ne ake cewa magani ya yi masa aiki. Wanda ya kamu kuwa, bayan wata biyu ko uku ciwon ke tashi, lokacin an manta da cizon, sai a ce iska ce ko sammu.

Na uku su ne masu cewa a huta, a sa guba a kashe karnukan sake baki ɗaya. Wannan ita ce shawarar da ta fi saurin zuwa baki duk lokacin da kare ya ciji yaro, kuma ina fahimtar zafin zuciyar da ke kawo ta. Amma an gwada ta a wurare da yawa ba ta yi aiki ba. Lokacin da hauka ta shiga tsibirin Bali na Indunisiya a 2008, an kashe karnuka sama da 100,000, cutar ta ci gaba da yaɗuwa, ba ta ja baya ba sai da aka koma yi wa karnuka allura gida-gida. Dalilin a fili yake. Muddin juji da kwata da ɓeraye suna nan, gurbin karen da aka kashe ba ya daɗewa a buɗe: waɗanda suka rage su hayayyafa, baƙi su shigo daga maƙwabta, masu gida su nemo sababbi daga wuraren da ba a san lafiyarsu ba. Guba kuma ba ta tantance wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba, sai ta kashe karen da ya zame wa unguwa garkuwa. A yanki irin namu haɗarin ya ninka, domin naman da aka barbaɗa wa shinkafar ɓera ko fiya-fiya aka ajiye a bakin kanal, kaji za su tsattsaga, ungulu za ta ci mushen, yaro zai iya ɗauka, ruwa kuma ya wanke saura zuwa gonar wani. Karen da likita ya tabbatar ya haukace, ko wanda ya zama barazana, hukuma ce za ta kawar da shi ta hanyar da babu azabtarwa. Wannan daban, kisan kan-mai-uwa-da-wabi daban.

To me ke aiki? Masana sun yi ittifaƙi cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allurar hauka, aka kuma maimaita shekara-shekara, cutar takan rasa hanyar wucewa ta mutu da kanta. An gwada wannan a Injamena a 2012 da 2013, aka wuce kashi 70, kuma a 2014 aka yi sama da wata tara ba a sami rahoton mahaukacin kare ba. Daga baya cutar ta dawo ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga wajen birni, abin da ya nuna aikin ba na gari ɗaya ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Mekziko ta kawar da mutuwar mutane ta cizon mahaukacin kare. Mu ma muna da tarihinmu. A nan Kano aka yi taron da ya haifar da gangamin yaƙi da bushiya na ƙasashen Afirka a farkon shekarun 1960, dattawan makiyaya suna tuna yadda ake yi wa shanu allura a yanke musu alama a kunne. Da aka yi sakaci cutar ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi ɓarna mai yawa, da aka dage kuma aka shelanta ƙarewarta a duniya a 2011. Manoman wannan yanki ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. Wanda ya yashe kanal a gaban gonarsa kaɗai, kacalla ta toshe na sama da shi, ruwa ba zai iso masa ba, shi ya sa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa suke fitowa aikin gayya. Rigakafin kare haka yake.

Abin da ya rataya a wuyan mai kiwo a cikin gidansa ba shi da sarƙaƙiya. Da zarar karya ta fara alamun lokacinta, a shigar da ita ɗaki mai ƙofa har mako uku cikakku, domin ɗauri a turke a fili ba ya hana namiji isowa. Kafin a haɗa, a duba gaban macen da na namijin, a tambayi tarihinsu, duk karyar da ta taɓa ɓari ko namijin da marainansa suka kumbura a kai su ga likita tukuna. Asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba shi da nisa da mu. 'Yan kwikwiyo a fara musu allurar haɗaka tun suna mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har su kai mako 16, kada kuma a fitar da su ko a bar masu saye suna ɗaga su kafin nan. Allurar hauka daga wata uku, sannan kowace shekara, a riƙe katin shaida. Allura ta fito daga hannun likita ko malamin dabbobi, domin wadda ta sha rana a kanti ta zama ruwa. Sabon kare, ko wanda ya dawo daga farauta, a keɓe shi mako biyu daga mai ciki da mai shayarwa. A ba kare ruwa mai tsabta a gida, a dafa kayan ciki kafin a ba shi, a binne ɓari da mushe da zurfi, hannu cikin leda. Kada a yi masa wankan kaska da maganin feshin gona, yana kashe kare yana kuma cutar da mai wankan. Namijin da ba a bukatar irinsa a kai shi a fiɗiye shi.

Za a ce duk wannan kuɗi ne, kuma mutane suna fama da tsadar taki da man injin. Ban raina wannan uzuri ba. Amma a auna: kuɗin allurar shekara na kare ɗaya bai kama ƙafar kuɗin kwikwiyo ɗaya mai kyau ba, balle jerin alluran da ake yi wa mutumin da aka ciza, waɗanda suke da tsada kuma ba kowane asibiti ake samun su ba. Ɗaki da ƙofa da binne mushe kuwa ƙarfin jiki kawai suke ci. Za a kuma ce karen da aka tsare zuciyarsa takan mutu, ba ya gadi. Ban ce a ɗaure kare dare da rana ba, hakan ma zalunci ne. Karen gadi wurin aikinsa gida ne ko gona, wanda ya tafi unguwa ta uku neman karya ya bar injin da aka ajiye shi domin sa. Wanda aka ƙosar, aka fita da shi tare da mai shi, shi ya fi tsayawa a bakin aikinsa.

Saura haƙƙin gari da hukuma. Duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 na kawo ƙarshen mutuwar mutane ta cizon mahaukacin kare, Najeriya ma ta fitar da nata shirin a 2022. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa allurar a cikin gida. Abin da ya rage shi ne tsari a ƙasa, kuma tsarin yana hannun mutanen da ke zaune a nan. Mai unguwa ya san kowane gida mai kare, zai iya rubuta su cikin mako ɗaya. Sarkin mafarauta idan ya ce babu karen da zai hau motar farauta sai da katin allura, magana ta zauna. Sarkin fawa zai iya hana jefa wa karnuka hanta da huhu masu ƙullutu, a haƙa musu rami a kwata. Ardo zai isar da saƙo ga masu sauka bayan girbi. Limamai su yi bayani a huɗuba, malaman makaranta su koya wa yara wanke cizo da faɗa wa iyaye ba tare da tsoron duka ba. Ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, tun da kanal ɗaya ya haɗa su kuma karnukansu ba su san iyaka ba, su haɗa kai da sashen kula da dabbobi na jiha su tsayar da mako guda a shekara na allura kyauta, ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware domin wannan cuta ta dace a fara. Asibitocin yankin kuma a tanadar musu allurar mutane, kada wanda aka ciza ya yi ta yawon nema har lokaci ya ƙure.

Ga masu kiwo, ku ne kuka fi kowa asara idan aka bar abin yadda yake, saboda haka ku ya kamata ku fara fitowa. Ku kawo naku karnukan, ku kuma taimaka wa maƙwabcin da ba ya iya riƙe nasa, domin ƙwarewar kama kare a hannunku take. Ina roƙon iyayen ƙasa da kada a tashi daga wannan zama sai an sa ranar da masu unguwanni za su kawo ƙidayar karnukan unguwanninsu, an kuma naɗa waɗanda za su kai buƙatar allura ga ƙaramar hukuma.  Allah ya tsare mu da iyalanmu da dabbobinmu, ya sa albarka a nomanmu.